Daga Harin Ningawa zuwa Barar Birni: Tarihin Musabbaban Cutar da Yara a Ƙasar Rano da Kibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin abubuwan da suka riƙa jefa yara cikin cutarwa a ƙasar Rano da Kibiya, daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa yau. Ta dubi zamanin hare-haren Ningawa, da yunwa da harajin farkon mulkin Turawa, da sauyin da ya sami tsangaya, da kuma halin da saki da riƙo da talla suke sanya yaro a cikin gida. Abin da ta gano shi ne, musibun suna sauya kama daga zamani zuwa zamani, amma ƙofar da suke shigowa ta cikinta ɗaya ce: yankewar alaƙa tsakanin yaro da wani baligi sananne wanda za a tambaya a kansa. Ta auna wannan da ma'aunin fiƙihun Malikiyya.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Idan aka ambaci cutar da yara, hankali yakan tafi kan mugun mutum guda: malamin da ya yi wa almajiri dukan kawo wuƙa, ko kishiyar uwar da ta hana maraya abinci, ko baƙon da ya yaudari 'yar talla. Babu shakka laifin mai laifi yana wuyansa. Sai dai mai nazarin tarihi yana da wata tambaya da ta riga wannan: me ya kai yaron hannun mugun tun farko, kuma ina waɗanda ya kamata su tsaya a tsakaninsu?

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2002 kan tashin hankali da lafiya ya kasa musabbaban cutar da yara gida huɗu: halin shi kansa yaron da mai cutar da shi, yanayin iyali, yanayin unguwa, da tsarin al'umma baki ɗaya. A Nijeriya, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara shida cikin goma suna haɗuwa da wani nau'i na cutarwa kafin su cika shekara 18, kuma mafi yawan masu cutar da su mutanen da suka sani ne. Waɗannan alƙaluma suna nuna girman matsalar, amma ba sa bayyana yadda ta samo asali a wani yanki na musamman. Wannan aikin tarihi ne.

2.0 Ma'aunin Fiƙihu

Kafin a shiga tarihi, ya dace a ajiye ma'aunin da malaman ƙasar Kano suka gada. Alƙur'ani ya hana kashe 'ya'ya saboda talauci ko tsoronsa a Suratul An'am da Suratul Isra'i, ya yi narko mai tsanani kan cin dukiyar maraya a Suratun Nisa'i, ya kuma ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba a Suratul Baƙara. Wato ya ambaci talauci da maraici da rabuwar iyaye, waɗanda su ne masana na yau suke kira abubuwan haɗari.

Littattafan da ake karantawa a zaure sun mayar da wannan ƙa'idoji. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani (ya rasu 386H/996M) ta bai wa uwa haƙƙin renon ɗanta bayan saki har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta tare a gidan miji. Idan uwa ta rasu ko ta yi aure, haƙƙin yana komawa ga kaka, sannan inna 'yar'uwar uwa. Ciyarwa kuwa tana kan uba duk inda yaron yake. Muhtasar na Halil ya sharɗanta wa mai reno hankali da amana da iyawa da amintaccen wuri, kuma ya sanya ɗaukar tsintaccen yaro farilla ta kifaya. Hatta a babin ciniki, Risala ta hana a raba baiwa da ɗanta ta hanyar sayarwa har sai ya yi famfara.

Game da makaranta, Muhammadu ɗan Sahnun (ya rasu 256H/870M) a littafinsa na ladubban malamai ya taƙaita bulala a kan uku, ba a ƙari sai da izinin uba, ba a kuma wuce goma. Ya hana dukan fuska da kai, da duka cikin fushi, da hana yaro abincinsa, da aiken ɗalibai cikin buƙatun malami. Al-Ƙabisi (ya rasu 403H/1012M) ya bi sawunsa. Ibn Haldun (ya rasu 808H/1406M) ya keɓe fasali a Muƙaddima yana bayyana cewa tsanantawa tana koya wa ɗalibi ƙarya da kasala da makirci.

Abin lura a duk waɗannan hukunce-hukunce shi ne, fiƙihu bai taɓa barin yaro a hannun "jama'a" haka kawai ba. A kowane hali yana ambaton mutum: uba, uwa, kaka, wasiyyi, malami, alƙali. Idan ɗaya ya faɗi, akwai mai bi masa.

3.0 Ƙasar Rano da Kibiya

Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin rabon ayyuka ita da Kano ake kira sarakunan baba, saboda rini da saƙa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci yadda Sarki Yaji (1349–1385) ya ci ƙarfin Sarkin Rano, a zamanin da Wangarawa suka iso daga Mali da Musulunci. Tun daga nan tarihin Rano ya ɗaure da na Kano. A kudancin Kano ɗin, a Burumburum, Sarki Alwali ya gamu da ajalinsa a 1807, abin da ya kawo ƙarshen sarautar Haɓe a Kano.

Kibiya tana maƙwabtaka da Rano ta gabas, kuma a ƙarƙashin ƙasar Rano take kafin ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta. Ƙidayar 2006 ta bai wa Rano mutum sama da dubu 140, Kibiya kuma sama da dubu 130. Dokar masarautu ta 2024 ta haɗa Rano da Bunkure da Kibiya a masarauta ɗaya mai daraja ta biyu. Ƙasa ce ta manoma: dawa da gero da masara da gyaɗa, a garuruwa irin su Rurum da Saji da Zurgu a ɓangaren Rano, da Tarai da Kahu da Durba a ɓangaren Kibiya. Ruwan sama a nan ya fi na arewacin Kano yawa. Wannan albarka, da kasancewar yankin a bakin iyaka, su ne suka tsara rayuwar yaransa a ƙarni na 19.

4.0 Zamanin Hari: Yaro a Matsayin Ganima

Wajen shekarar 1846, wasu malamai ƙarƙashin jagorancin Malam Hamza suka bar Tsakuwa bayan saɓani da hukumar Kano kan haraji, suka shiga duwatsun Ningi. A can suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da Fa'awa, suka kafa ƙarfin da ya addabi Kano da Bauci da Zazzau fiye da shekara hamsin. A zamanin Ɗan Maje da Haruna Ƙarami, mahayan Ningi sun riƙa kutsawa kudancin Kano da rani, suna ƙone ƙauyuka, suna kora mutane da dabbobi. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya ƙarar da shekaru masu yawa na mulkinsa yana fama da wannan iyaka, kuma Rano tana cikin garuruwan ribaɗi da aka ƙarfafa domin tsaro. Su ma rundunonin Kano sun riƙa kai hari duwatsun suna dawowa da bayi. Ta kowane ɓangare, yaro yana cikin abin da aka fi nema.

Dalilin haka a fili yake. Babban namiji yakan yi faɗa ko ya gudu, kuma yana tuna hanyar gida. Yaro kuwa yana da sauƙin ɗauka, yana saurin manta harshensa da sunan garinsu. A kasuwannin bayi na Borno da ƙasar Hausa, da taƙi ake auna tsawon yaro, ana kiran mai taƙi shida sudasi, kuma shi ne ma'aunin farashi. Heinrich Barth, wanda ya zauna a Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga birnin sun kai kimanin 5,000 a shekara.

Malamai sun riga sun yi magana a kan wannan. Ahmad Baba na Tumbutu, a fatawarsa ta 1615, ya lissafa Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tabbatar da haramcin bautar da 'yantaccen Musulmi a cikin Wasiƙarsa ga mutanen Sudan. Duk da haka, a lokacin Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895, wanda Yusufawa suka yi sansaninsa a Takai, an kama Musulmi an sayar. Hukunci yana cikin littafi, amma yaron da aka raba da danginsa ba shi da mai shaidar cewa shi ɗa ne.

Labarin Baba ta Karo, wadda ta taso a yankin Zarewa a kudu maso yammacin Kano, kuma Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ya nuna ɓangaren da ya fi muhimmanci. Ta ba da labarin yadda ake sace mutane, da yadda dangi suke bin sawu, su tara wuri su biya fansa. Wanda yake da dangi masu ƙarfi yakan dawo gida. Wanda ba shi da mai nemansa yakan ɓace har abada. A wannan zamani, tsaron yaro ganuwa biyu ne: ta ƙasa da ta kewaye gari, da ta dangi da ta kewaye shi.

5.0 Mulkin Turawa: 'Yanci a Takarda, Yunwa a Rumbu

Turawan Ingila sun karya Ningi a 1902, suka bi ta Bebeji suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Hare-hare suka tsaya, mutane suka fara fita daga ganuwa suna kafa ƙauyuka a gonakinsu. Sanarwar Lugga ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris na wannan shekara ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A tsakanin nan, kamar yadda Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka nuna a littafinsu na 1993, cinikin yara ya ci gaba a ɓoye, domin ana iya wucewa da yaro a hanya a ce ɗan gida ne.

Yaran da aka ƙwato ma ba duka suka koma gida ba. An buɗe gidajen 'yantattun bayi a Zungeru da Borno, daga baya aka miƙa yara da dama ga gidan 'yan mishan da ke Rumasha a bakin Binuwai, wasu kuma aka raba su ga masu riƙo suna yi musu aikin gida. Yaron da ba a san iyayensa ba ya fita daga hannun mai saye ya shiga hannun baƙo, ya rasa nasaba, wani lokaci har da addini.

Sai kuma yunwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa, Turawa kuma suka haɗe zakkar hatsi da kuɗin ƙasa suka zama haraji ɗaya da ake biya da kuɗi. Manomi ya rage gonar hatsi ya ƙara ta gyaɗa, ko ya sayar da hatsinsa da kaka domin ya biya haraji. Da damina ta gaza a 1913, shekarar 1914 ta zo da yunwar da ta kashe dubban mutane a lardin Kano. Michael Watts ya nuna a littafinsa na 1983 cewa sabon tsarin haraji da kasuwa ya raunana hanyoyin da manoma suka saba jure fari da su. Jama'a daga arewa suka kwararo kudu, inda ruwa ya fi yawa, suna neman abinci. A irin wannan tafiya ake barin yaro a hanya, ko a ba da shi jingina, ko a miƙa shi ga duk wanda zai ciyar da shi.

Akwai kuma sauyin da ya zo a hankali. Gandu, inda uba da 'ya'yansa masu aure suke noma tare suna ci daga rumbu ɗaya, shi ne ke ɗaukar maraya da ɗan bazawara ba tare da an yi shawara ba. Kuɗin gyaɗa da cin rani sun bai wa saurayi damar ware kansa da wuri. Da gandu ya fara rarrabewa, nauyin yaro ya koma kan ƙaramin gida mai rumbu ɗaya, wanda damina ɗaya take iya durƙusar da shi.

6.0 Tsangaya: Yadda Amana ta Sassauta

Wajen farkon mulkin Turawa an ƙiyasta makarantun allo sama da 20,000 a Arewacin Nijeriya. Ana yawan cewa baitulmali ne yake ciyar da su kafin zuwan Turawa. Gaskiya ne sarakuna da attajirai suna yi wa manyan malamai alheri, amma tsangayar ƙauye a kan gona da maƙwabta ta dogara. Uba yakan kai ɗansa hannu da hannu ga malamin da ya sani. Kolo da titibiri da gardi suna taya malam noma da damina, da rani a tafi gabas ko wani gari a yi karatu, a dawo kafin shuka. Bara tana tsakanin gidaje 'yan kaɗan, kuma almajiri yakan sami uwar ɗaki wadda ta san sunansa, take ajiye masa tuwo, take lura idan bai zo ba. Tsarin yana da wahala da duka tun a wancan lokaci, kuma ba daidai ba ne a wanke shi tas. Amma igiyar da ta haɗa uba da malam da unguwa tana nan.

Abubuwa uku suka sassauta ta. Na farko, ilmin boko, tun daga makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a 1909 har zuwa shirin ilmin firamare na bai ɗaya a 1976, ya zama shi ne hanyar aikin albashi, mahaddacin Alƙur'ani ya rasa matsayinsa a ofis da kotu. Masu hali suka koma Islamiyya da boko, tsangayar tafi-da-gidanka ta zama ta talakan ƙauye. Na biyu, farin 1972 zuwa 1974, da tsadar zamanin man fetur, da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sun sa ciyar da yaro a ƙauye ya yi nauyi, sadaka a birni kuma ta ragu. Na uku, kwalta da mota sun sa ana iya ɗora yara da yawa a kai su birni ga malamin da uba bai taɓa gani ba.

A ƙasar Rano, madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta tashi wasu ƙauyuka, ta kuma kawo noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Inda ruwan ya kai, an sami aikin rani, yara ma suka shiga tsinkar tumatir da korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Inda bai kai ba, magidanci ya ci gaba da dogaro da damina ɗaya, rani kuma ya kasance lokacin rage baki a gida.

Rikicin Maitatsine na Disamba 1980, wanda alƙaluman hukuma suka ce ya ci rai 4,177, ya nuna abin da kan faru idan yara da samari suka taru a hannun mutum ɗaya ba mai bibiya. Binciken Hannah Hoechner a birnin Kano da Albasu, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa iyaye suna tura 'ya'ya almajiranci saboda son Alƙur'ani da tarbiyya, amma talauci da mutuwar aure da rasuwar uwa ko uba da lalacewar makarantun gwamnati suna da babban kaso a cikin shawarar. A Satumba da Oktoba 2019, samamen da aka kai gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura ya fito da ɗaruruwan mutane, har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su, suka biya kuɗi, suka juya baya. A 2020 gwamnatin Kano ta hana bara a titi, kuma da annobar korona ta zo, jihohin Arewa suka riƙa mayar wa juna almajirai a motoci. A lokacin ne ta bayyana cewa akwai yaran da ba su iya faɗin sunan ƙauyensu.

7.0 Cikin Gida: Saki, Riƙo da Talla

Ba a titi kaɗai igiyar take tsinkewa ba. Al'adar da ta yaɗu a ƙasar Hausa ita ce, idan aure ya mutu, uba ya karɓe ɗansa da zarar an yaye shi. Wannan ya saɓa wa abin da Risala da Muhtasar suka tabbatar. Sakamakonsa shi ne yaro ɗan shekara biyu ko uku ya tashi a ɗakin kishiyar uwa, uba yana gona ko yana cin rani. Idan kuma uwa ta tafi da shi, ya zama agola, sau da yawa uban yakan janye ciyarwa, kamar haƙƙin ya bi auren ya mutu. Yawan saki a Kano ya kai gwamnati ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisba a 2012, Sarki Muhammadu Sanusi II kuma ya yi kiran a tsara dokar iyali a 2017.

Riƙo tsohuwar al'ada ce mai kyau. Da shi ake share hawayen wadda ba ta haihu ba, ake ƙulla zumunci, kuma kunyar ɗan fari takan sa a miƙa shi ga kaka. Labarin Baba ta Karo cike yake da irin wannan riƙo, a tsakanin mutanen da suka san juna kuma suke jin kunyar juna. Abin da ya sauya shi ne shigowar kuɗi da nisa. Yarinyar ƙauye da dillaliya take kai wa aikatau a birni, albashinta yana zuwa hannun wasu, ana iya kiranta 'yar riƙo, amma babu zumuncin da zai hana a zalunce ta, babu kuma wanda za ta kai wa kuka.

Talla ma haka. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matan kulle a kan ƙafar yara take tafiya, kuma ribar tallar yarinya takan tafi ga kayan ɗakinta. A ƙauyen da kowa ya san 'yar wane ce, haɗarin kaɗan ne. A tasha da bakin kwalta da kasuwar dare, inda mai saye baƙo ne, haɗarin ya ninka. Satar yara ma ba ta zama tarihi ba: a Oktoba 2019 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai jihar Anambra, aka sauya musu suna.

Shehu Usmanu ya soki waɗansu daga cikin waɗannan ɗabi'u tun fiye da shekara ɗari biyu. A Nurul Albab ya zargi malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma a rubuce-rubucensa kan bidi'o'i ya soki yadda babba yake haɗiye gadon ƙanana da sunan ya tsaya a matsayin uba.

8.0 Doka da Shiru

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, ta yi dokarta ta ƙasa a 2003. Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta fitar da tata yarjejeniyar a 2005. Kano ba ta sanya hannu kan dokarta ta kare yara ba sai Mayu 2023, shekarar da aka kafa hukumar tarayya mai kula da ilmin almajirai da yaran da ba sa makaranta. Jinkirin ya samo asali ne daga muhawara kan shekarun aure da tsoron shigo da abin da ya saɓa wa Shari'a. Muhawarar tana da gurbinta, amma a tsawon shekarun da aka yi ana yin ta, hukunce-hukuncen reno da ciyarwa da iyakar ladabtarwa, waɗanda babu saɓani a kansu a mazhaba, su ma ba a zartar da su yadda ya kamata ba.

Abin da ya fi rashin doka illa shi ne shiru. Ana rufe fyaɗe da sunan rufin asiri, a sasanta a zaure, mai laifi ya koma unguwa, yarinya ta ɗauki tabon. Suturta Musulmi abin so ne a laifin da ya tsaya tsakanin bawa da Ubangijinsa. Inda akwai haƙƙin wani, musamman rarrauna, kuma ana tsoron maimaitawa, ɓoyewa taimakon zalunci ne. Tun a ƙarni na 15, Shehu Magili ya shawarci Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) da ya zauna inda raunana, har mata da yara, za su iya kai masa kuka.

9.0 Kammalawa

Hausawa suna cewa ɗa na kowa ne. Maganar ta yi aiki a lokacin da "kowa" yake nufin mutane ƙididdigaggu: kawu da gwaggo da maƙwabci da liman da mai unguwa, waɗanda suka san yaron kuma za a ga laifinsu idan ya lalace. Tarihin Rano da Kibiya ya nuna cewa hari da yunwa da haraji da fari da saki duk sun cutar da yara ta hanya ɗaya, wato sun cire yaro daga cikin waɗannan mutane sun ajiye shi inda babu wanda za a tuhuma. Talauci yana ƙara haɗari ƙwarai, amma matalauta da yawa sun riƙe 'ya'yansu da mutunci, kuma gidajen mari sun karɓi 'ya'yan masu iya biya.

Darasin da ke nan ga malamai da ɗalibai a bayyane yake. Babin reno da ciyarwa ya kamata ya fito daga zauren karatu ya hau mumbari, har uba ya san cewa kai yaro makaranta ba ya sauke masa ciyarwa, uwa kuma ta san haƙƙinta bayan saki. Alarammomi suna da ikon ƙin karɓar yaron da bai kai shekarun rabuwa da uwa ba, ko wanda bai zo da waliyyi da guzuri ba, kuma suna da abin koyi a ladubban da ɗan Sahnun ya rubuta. Dagatai da masu unguwanni, daga Rurum har Tarai, suna iya riƙe rajistar duk yaron da ya bar gari da wanda ya shigo, da sunan wanda yake hannunsa. Alƙalai kuma suna da hurumin tilasta ciyarwa da cire yaro daga hannun wanda ya rasa sharaɗin amana. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake baƙo ga mazhabar Imamu Malik.

Hadisi ingantacce ya kamanta kowane mai ɗauke da nauyi da makiyayi wanda za a tambaya game da kiwonsa. Tambayar ta Lahira tabbas ce. Abin da ya rage wa al'umma shi ne ta riƙa yin ta tun a duniya, a kan kowane yaro, da sunansa da sunan mai riƙonsa. Allah ne Mafi sani.